Amsoshin Takardunku: Daga Kalangu Zuwa Kwamfutar Kiɗa

Takardar da muka zaɓo a wannan mako ta fito ne daga wani mai sauraronmu, ɗan kasuwar hatsi da ke zaune a unguwar Hotoro cikin birnin Kano, wanda ya ce har gobe duk damina yakan koma ƙauyensu ya yi noma. A taƙaice ga abin da yake cewa. Ɗansa ya shekara biyu yana koyon haɗa kiɗa a wani situdiyo da ke wajen Gyaɗi-Gyaɗi, yanzu kuma ya matsa lallai a saya masa kwamfutar tafi-da-gidanka ta hannu domin ya soma aikin kansa. Da suka je kasuwar waya ta Farm Centre a Tarauni, sai wani mai gyara ya ce musu akwai wata babbar manhaja mai suna Linux, kyauta ake ba da ita, kuma tana tayar da tsohuwar kwamfuta. Alhaji ya ce shi dai tun da yake kasuwa bai taɓa ganin abin kirki a kyauta ba, ga shi kuwa buhunan masara zai sayar ya yi wannan hidima. Don haka yake so mu gaya masa asalin wannan abu, wa ya yi shi, don me ya zama kyauta, kuma ko ya dace da sana'ar yaron.

To Alhaji, mun gode da wannan tambaya, kuma mun san ba kai kaɗai ke da irinta ba. Amma kafin mu zo kan Linux, sai ka yi haƙuri mu ɗan koma baya, domin amsar tana cikin tarihin kayan kiɗan Hausa su kansu.

Ka tuna makaɗan da muka taso muna ji a rediyo. Narambaɗa da Musa Ɗanƙwairo da kotso, Alhaji Mamman Shata da kalangu, Haruna Uji da gurmi, Barmani Coge da ƙwarya, Ɗanmaraya Jos da ɗan kuntiginsa, wanda gwangwani ne kawai aka rufe da fata aka ɗaura masa tsirkiya guda. Abin da ya haɗa su duka shi ne, kayan aikinsu a gida ake yin su. Icce ne da fata da duma, duk na nan ƙasar. In fatar kalangu ta fashe a wurin biki, makaɗi ya san yadda zai sake ta, in kuwa bai iya ba, mai yi yana nan a kasuwar gari. Babu wani ɓangare na kayan da yake a kulle ga mai shi. Abin da makaɗin wancan zamani bai mallaka ba shi ne na'urar ɗaukar murya. Wannan sai an je gidan rediyo, ko wurin kamfanin faifai. Kaset, wanda kamfanin Philips na ƙasar Holan ya fito da shi cikin 1963, shi ya sauƙaƙa abin, har waƙa ta shiga kowane ƙauye da kowace tashar mota.

Canji na biyu kuwa a ƙofar gidanka ya faru, Alhaji. A farkon shekarun 1980, zamanin Gwamna Abubakar Rimi, aka kafa gidan talabijin na jihar Kano, watau CTV 67, a nan Hotoro kan hanyar Maiduguri, wanda daga baya aka sa wa sunan shi marigayin. Wasannin kwaikwayo na talabijin suka zaburar da ƙungiyoyin matasa, har cikin 1990 ƙungiyar Tumbin Giwa ta fito da fim ɗin Turmin Danya a kaset ɗin bidiyo. To fim yana son kiɗa, kuma masu shirya shi ba su da kuɗin ɗauko makaɗa goma da 'yan amshi. Sai aka koma ga fiyano mai aiki da lantarki, da farko ƙananan Casio, daga baya manyan Yamaha, dukkansu ƙirar Japan. Kamfanin Iyan-Tama na cikin waɗanda suka fara buɗe situdiyo da fiyanon Yamaha a tsakiyar shekarun 1990. Cikin 1999 fim ɗin Sangaya ya fito, waƙarsa ta cika gari, daga nan kowa ya gane inda kasuwa ta nufa. A wannan shekarar ce kuma, cikin watan Yuni, Allah ya yi wa Shata rasuwa a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, daf da Gyaɗi-Gyaɗi.

Fiyano ya zo da riba, ya kuma zo da hasara. Ribar ita ce, yaro guda da bai gaji kiɗa ba zai zauna a ɗaki ya fitar da ƙarar ganga da sarewa da goge shi kaɗai, ya sami abinci. Hasarar kuwa, muryoyin da ke cikin fiyano a Japan aka zuba su. Makaɗin Kano sai dai ya yi ta lalube har ya sami wadda ta yi kama da kalangu, ya haƙura da ita. In kuma fiyanon ya lalace, ba shi da ta cewa. Ka ga ke nan, an sami sauƙi, amma kayan aiki sun fara fita daga hannun mai su.

Canji na uku shi ne kwamfuta, wadda ta mamaye situdiyoyin Kano bayan shekarar 2000, musamman waɗanda suka yi layi a Titin Gidan Zu da kewayensa. Manhajojin da aka fi sani su ne Cubase, wadda wani kamfanin Jamus ya fara fitarwa cikin 1989, da FruityLoops ta ƙasar Beljiyam, wadda ta bayyana a ƙarshen shekarun 1990, aka sake mata suna FL Studio cikin 2003. Sai kuma Auto-Tune ta Amurka, ta 1997, ita ce ke gyara muryar mawaƙi har ka ji tana wani karkarwa kamar ta ƙarfe a waƙoƙin nanaye. Kwamfutar tafi-da-gidanka kuwa ta sami karɓuwa ne saboda dalilin da kowa ya sani: in an ɗauke wuta tsakiyar aiki, batir zai riƙe ta, aikin yini ba zai salwanta ba.

A nan ne za mu yi bayanin abin da ake kira babbar manhaja. Ka ɗauki kwamfuta a matsayin filin kasuwa. Manhajar kiɗa da ta rubutu da ta kallon fim su ne masu rumfuna. Babbar manhaja ita ce sarkin kasuwa: ita ke raba wuri, ita ke cewa wane ya shiga wane ya jira, ita ke haɗa mai rumfa da ƙofa, watau makirfo da lasifika da allon kallo. In babu ita, kwamfuta ƙarfe ce kawai. Wadda aka fi sani a ƙasarmu ita ce Windows ta kamfanin Microsoft, kuma a kanta yawancin situdiyoyinmu suke aiki.

Windows da Cubase da FL Studio duk haja ce ta sayarwa, da kuɗin waje ake biyan lasisinsu, kuma kamfanonin sun kulle asalin rubutun da aka gina su da shi, ba mai gani sai ma'aikatansu. Gaskiyar da ba a cika faɗa ba ita ce, da yawa daga cikin waɗanda ke yawo a kasuwanninmu fasassu ne, watau an karya makullin an kwafa. Mai gyara zai zuba maka su a kan 'yan kuɗi kaɗan, ka tafi kana murna. To amma kayan aro ba ya rufe katara. Fasasshiyar manhaja kan zo da ƙwayar cutar kwamfuta a ɓoye, ba ka da wurin kai ƙara in ta cinye maka aiki, ga kuma maganar haƙƙin mutane. Mawaƙanmu sun daɗe suna kukan masu tura waƙa a waya suna cin guminsu ba su biya ba. Kukan gaskiya ne, sai dai ya kamata mai kukan shi ma ya duba kayan da yake aiki da su.

Daɗin daɗawa, ranar 14 ga Oktoba 2025 kamfanin Microsoft ya kawo ƙarshen kulawar da yake yi wa Windows 10 ga jama'a gaba ɗaya, ita kuwa Windows 11 ba ta yarda ta hau tsofaffin kwamfutoci da dama. Irin waɗannan kwamfutoci, lafiyarsu ƙalau, su ne Turai da Amurka ke zubarwa, su ne kuma ke isowa kasuwanninmu da araha. Saboda haka maganar da mai gyaran nan ya yi maka tana da tushe.

Yanzu sai tarihin ita Linux. Wajen 1980, a wata babbar jami'ar fasaha ta Amurka da ake kira MIT, akwai wani masanin kwamfuta mai suna Richard Stallman. Injin buga takardu na ofishinsu ya riƙa cin takarda yana tsayawa. Stallman ya san zai iya rage matsalar in ya ga rubutun da ke sarrafa injin, amma da ya nema sai aka hana shi, aka ce sirrin kamfani ne. Abin ya ci masa rai. Cikin 1983 ya yi shelar zai gina babbar manhaja wadda kowa ke da iznin ya yi aiki da ita, ya buɗe cikinta ya karanta, ya gyara, ya kuma ba maƙwabcinsa. Ya sa wa aikin suna GNU. Cikin 1989 ya fito da wata takardar sharaɗi mai suna GPL, wadda ta ce: ɗauki, gyara, har ka sayar in ka so, amma in ka raba wa mutane abin da ka gyara, dole ka bar shi a buɗe kamar yadda ka same shi.

Aikin Stallman ya yi nisa, saura zuciyar manhajar, wadda ke magana da ƙarfen kwamfuta kai tsaye. Sai cikin watan Agusta 1991 wani ɗalibi ɗan shekara 21 a Jami'ar Helsinki ta ƙasar Finlan, Linus Torvalds, ya sanar cewa yana rubuta irin wannan zuciya don nishaɗin kansa. Cikin 1992 ya sa ta ƙarƙashin sharaɗin GPL, mutane daga ƙasashe daban-daban suka shigo, kowa ya kawo nasa gyaran. Daga sunansa aka sami Linux.

Alhaji, kai manomi ne, misalin ba zai yi maka wuya ba. Akwai irin gero na gida da ka gada, ka ware zangarniya mai kyau ka ajiye, baɗi ka shuka, ka ɗiba ka ba ɗan'uwanka, shi ma ya zaɓi nasa ya inganta. Akwai kuma irin kamfani mai aure, yana da yabanya ƙwarai, amma duk shekara sai ka koma ka saya. Kowanne da amfaninsa. Linux irin gida ce, aikinta kuma aikin gayya ne.

Ka ce ba ka taɓa ganin abin kirki a kyauta ba, to da me masu yin ta suke ci? Amsar ita ce, manyan kamfanoni ne suka fi kowa mora, shi ya sa suke biyan dubban ma'aikata albashi su yi ta gyara ta, tun da in ta gyaru kowa ya huta. Wasu kuma suna cin abinci da hidimar kula da ita, kamar kamfanin Red Hat na Amurka, wanda IBM ya saye cikin 2019 a kan dala biliyan 34. Tun daga 2017, manyan kwamfutoci 500 da suka fi kowaɗanne ƙarfi a duniya duk da Linux suke aiki. Kai, in ma wayar da ke aljihunka Android ce, to zuciyar Linux ce a cikinta, ka daɗe kana amfani da ita ba ka sani ba.

Da yake kowa na da iznin ya harhaɗa tasa, Linux ta kasu iri-iri, kamar yadda dawa take da kaura da farfara. Akwai Debian, ta 1993, wadda ta haifi da yawa. Cikin 2004 wani attajiri ɗan Afirka ta Kudu, Mark Shuttleworth, ya fito da Ubuntu daga jikin Debian, don talaka da bai karanci kwamfuta ba ya iya amfani da ita. Kalmar ubuntu daga harsunan Zulu da Kosa take, ma'anarta mutuntaka. Har zuwa 2011 kamfaninsa yana aika faifanta ta gidan waya kyauta ga duk wanda ya nema a ko'ina cikin duniya.

Ta fannin kiɗa kuwa, an daɗe Linux tana baya. Cikin shekarar 2000 aka saki Audacity daga Jami'ar Carnegie Mellon ta Amurka, manhaja mai sauƙi ta ɗaukar murya da yanke ta. A daidai lokacin wani Bature mai suna Paul Davis, ɗaya daga ma'aikatan farko na kamfanin Amazon, ya duƙufa kan Ardour, wadda ke yin irin aikin Cubase: a ɗauki murya daban, ganga daban, amshi daban, sannan a haɗa. Cikin 2004 aka fara LMMS, mai kama da FruityLoops wajen jera kiɗa, akwai kuma Hydrogen ta kiɗan ganguna. Cikin 2007 aka tattara irin waɗannan wuri guda aka kira su Ubuntu Studio, ka zuba sau ɗaya ka sami komai. Akwai kuma AV Linux, wadda wani mutumin Kanada mai suna Glen MacArthur yake harhaɗawa, shi kuwa manomi ne kamarka, kiɗa sha'awa ce gare shi.

Babbar matsalar da aka sha fama da ita ita ce jinkiri. In mawaƙi ya ba da waƙa 'yan amshi suka makara ko da ƙiftawar ido ne, waƙa ta ɓaci. Haka in yaro ya taɓa fiyano sautin bai fito nan take ba, ba zai iya aiki ba. Shekara da shekaru sai gwani ne ke iya saita Linux ta daina wannan makara. Yanzu abin ya yi sauƙi. Wani sabon tsarin sauti mai suna PipeWire ya soma zama na yau da kullum daga 2021, sannan a ƙarshen 2024 aka shigar da gyaran nan na amsawa nan take cikin zuciyar Linux ita kanta, bayan kusan shekara ashirin ana aikinsa a gefe.

To, ya dace da ɗanka ko bai dace ba? Ba za mu ɓoye maka aibinta ba. Na farko, FL Studio da Cubase da Auto-Tune ba a yi su don Linux ba. Akwai dabarar tilasta wa wasunsu su hau, amma takan ba da wahala, ba abin dogaro ba ce ranar da mai waƙa ke zaune yana jira. Na biyu, in maigidansa a situdiyo ya ba shi aikin da aka fara a FL Studio ya ce ya ƙarasa a gida, ba zai buɗu a Ardour ba, sai dai a fitar masa da kowace murya daban a matsayin sauti. Na uku, masu gyaran da suka san Linux ba su kai na Windows yawa ba, don haka yaron zai zama shi ne mai gyaran kansa, da taimakon intanet da ɗan Turancin da ya iya.

Saboda haka ga shawararmu. In abincin yaron ya dogara ga karɓar aiki daga situdiyoyin da ke kan FL Studio, to kada a raba shi da abin da ya iya. A bar masa Windows, a daure a saya masa lasisi na halal, tun da kamfanin FL Studio in ka saya sau ɗaya, sabuntawa kyauta ce har abada. In kuwa aikin kansa zai yi daga farko har ƙarshe, kamar ɗaukar waƙar biki, ko ta bege, ko tallar 'yan kasuwa, ko karatun malamai, to Ubuntu Studio ta ishe shi. Ya nemi fitowar da ake daɗewa ana kula da ita, wadda ke fita cikin watan Afrilu duk bayan shekara biyu. In kwamfutar ta tsufa ainun, ya gwada AV Linux.

Kuma ba sai an yi caca da kuɗin masara ba, domin sai an gwada akan san na ƙwarai. Ana iya zuba Linux a kan filashi, a tayar da kwamfutar daga jikinsa ba tare da an goge komai ba. Ku je da filashin wurin mai sayarwa kafin ku biya. A duba ko sauti na fita, ko makirfo na shiga, ko tana kama intanet, a kuma jona akwatin shigar da sauti da yaron zai yi aiki da shi a ga ko ta gane shi. A nemi kwamfuta mai ƙwaƙwalwar aiki gig 8 ko fiye, da batir mai rai. Ana kuma iya raba cikinta gida biyu, Windows a ɗaki ɗaya, Linux a ɗaya, ya riƙa koyo a hankali. Amma kafin a taɓa komai, a kwashe ayyukansa a ajiye a wani wuri daban. Kuɗin da aka tsira da su kuwa, a sa su a makirfo mai kyau, don shi ne kunnen situdiyo.

Abu na ƙarshe, Alhaji, shi ya sa muka faro daga kalangu. Ko Windows ko Linux, babu wadda ta zo da muryar kotso ko gurmi ko kuntigi na gaskiya a cikinta. Masu waɗannan kaya suna nan a ƙauyuka irin naku, da yawansu sun manyanta, yaransu kuma sun tafi birni. Kwamfutar tafi-da-gidanka tana shiga jaka. In damina ta faɗi za ka tafi gona, ka tafi da yaron da makirfonsa, ya zauna da makaɗan garinku, ya nemi izninsu, ya biya su haƙƙinsu, ya ɗauki sautin kayansu ɗaya bayan ɗaya. Wannan hajar babu mai ita a Japan ko Beljiyam, kuma duk situdiyon da ke Titin Gidan Zu zai so ya same ta.

Da fatan Alhaji ya gamsu, Allah ya sa wa sana'ar yaro albarka, ya ba mu damina mai kyau. Sauran masu sauraro da masu karatu, ku ci gaba da aiko da takardunku. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu. Mu kwana lafiya.